BABI NA UKU: GWAJIN BASIRA DA HALAYYA WAJEN ZAƁEN MASU KOYON TUƘIN JIRGIN SAMA DA MATSAYIN MATASAN ƘASAR DAURA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan gwaje-gwajen da masana ilmin halayyar ɗan'adam suka ƙirƙiro domin gane wanda zai iya kammala koyon tuƙin jirgin sama tun kafin a kashe kuɗi a kansa. Za a kawo ma'anar gwajin da tarihinsa da ire-irensa, sannan a duba iyakar abin da yake iya hasashe. Daga nan za a waiwayo ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, domin a ga yadda irin wannan gwaji yake shafar matashin da ya tashi a wannan yanki. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, gwajin yana da amfani na haƙiƙa, amma amfaninsa ya rataya ne a kan a daidaita shi da mutanen da ake gwadawa. Idan ba a yi haka ba, sai ya koma yana auna gatan da yaro ya samu, ba baiwar da Allah ya yi masa ba.

3.1 Ma'anar Gwajin da Dalilin Yin Sa

Gwajin basira da halayya wani tsararren aiki ne da ake ba mutane da yawa su yi a cikin yanayi iri ɗaya da lokaci iri ɗaya, a kuma ba su maki ta hanya iri ɗaya, domin a yi amfani da makin a kintaci abin da za su iya yi nan gaba. Ya bambanta da jarrabawar makaranta. Jarrabawar makaranta tana tambayar abin da ɗalibi ya riga ya koya, shi kuwa wannan gwaji yana neman sanin abin da ɗalibi zai iya koya, da kuma saurin da zai koye shi.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin yana cewa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Maƙeri yakan lura da yadda yaro ke riƙe awartaki da yadda yake zuga kafin ya bar shi ya taɓa ƙarfen mutane. Haka direban babbar mota yakan daɗe yana nazarin yaron motarsa kafin ya miƙa masa sitiyari. Bambancin kawai shi ne, maƙeri yana da shekaru yana kallon yaro ɗaya, ita kuwa makarantar tuƙin jirgi tana da 'yan kwanaki ne ta tace ɗaruruwan masu nema waɗanda ba ta taɓa gani ba.

Dalilan yin gwajin guda uku ne. Na farko tsada, domin kowace sa'a da ɗalibi ya yi a sama tana cin mai da kayan gyara da lokacin malami, kuma wanda ya faɗi a tsakiyar horo ya tafi da duk abin da aka kashe masa. Na biyu ƙarancin gurabe, domin wanda aka ɗauka ya kasa ya tare wa wani wuri. Na uku kuma shi ne rai, domin kuskuren da za a gyara a bakin hanya idan mota ce, a jirgin sama ba ya ba da wannan dama.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Gwajin

Gwajin basira na zamani ya faro ne a Faransa a shekarar 1905, lokacin da Alfred Binet da Theodore Simon suka tsara ma'aunin gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a makaranta. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918) aka shigar da gwaji cikin harkar jiragen sama. A Italiya, Agostino Gemelli ya yi nazarin saurin mayar da martani da natsuwar masu son zama matuƙa. A Amurka kuma, a 1917, Robert Yerkes ya jagoranci tsara gwaji iri biyu domin sojoji, ɗaya na waɗanda suka iya karatun Turanci, ɗaya kuma na hotuna da alamomi domin waɗanda ba su iya ba. Wannan ya nuna tun farkon al'amarin an san harshe yana iya shiga tsakanin mutum da makinsa.

Babban ci gaba ya zo ne a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 rundunar sojan sama ta Amurka ta ɗora wa John C. Flanagan nauyin shirin zaɓen ma'aikatan jirgi. Shirin ya haɗa gwaje-gwajen takarda da na na'ura, ya kuma tattara sakamakon kowane mutum a kan ma'auni mai matakai tara. A wannan ma'auni, mataki na 5 shi ne tsakiya, kuma kashi 20 cikin 100 na mutane ne ke faɗawa cikinsa, yayin da kashi 4 cikin 100 kawai ke samun mataki na 9, wasu kashi 4 kuma su tsaya a mataki na 1.

A 1943 aka yi wani gwaji da har yau ake kafa hujja da shi. An ɗauki matasa fiye da 1,000, aka gwada su, sannan aka tura su koyon tuƙi ba tare da la'akari da makin da suka samu ba. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka kammala. Da aka waiwayi makinsu sai aka tarar yawan masu kammalawa yana ƙaruwa daga mataki zuwa mataki: waɗanda ke ƙasa kusan duk sun faɗi, waɗanda ke sama kuwa mafi yawansu sun haye. Muhimmancin wannan bincike shi ne ba a tace kowa ba, saboda haka an ga abin da ke faruwa da mai ƙaramin maki idan an ba shi dama.

Daga wannan tushe ne tsare-tsaren yau suka fito. Rundunar sojan sama ta Ingila tana gwada masu nema a Cranwell. A Jamus cibiyar binciken sararin sama ta DLR da ke Hambug ta daɗe tana tace wa kamfanin Lufthansa ɗalibai. Amurka kuwa tun 1993 take haɗa makin jarrabawar hafsoshi da na gwajin na'ura da yawan sa'o'in da mutum ya taɓa yi a jirgi, ta fitar da maki guda.

3.3 Ire-iren Gwajin

3.3.1 Gwajin Kaifin Tunani

Wannan ya ƙunshi lissafin ka, da fahimtar yadda injuna ke aiki, da riƙe lambobi a zuciya na ɗan lokaci, da iya juya siffa a cikin tunani. Alal misali, akan nuna hoton agogunan jirgi guda biyu, ɗaya yana nuna karkatar jirgi ɗaya kuma yana nuna alƙiblarsa, a ce mai nema ya zaɓi hoton jirgin da ya dace da su. Matuƙi yana buƙatar wannan saboda a cikin gajimare ko hazon hunturu ba ya ganin ƙasa, agogunan ne idanunsa.

3.3.2 Gwajin Haɗin Kan Ido da Hannu da Ƙafa

A nan ana zaunar da mai nema gaban na'ura mai sandar tuƙi da matakan ƙafa, a ce ya riƙe wata alama a tsakiyar allo alhali na'urar tana fizgar ta gefe. A da da fitilu da ƙarafa ake yi, yanzu kuwa da kwamfuta. Sau da yawa akan ƙara masa aiki na biyu, kamar sauraron lambobi ta kunne yana amsawa, domin a ga yadda yake raba hankalinsa. Wannan shi ne ainihin halin da matuƙi ke shiga lokacin sauka, inda yake riƙe da jirgi, yana duban agoguna, yana kuma magana da hasumiya.

3.3.3 Gwajin Halayya

Wannan jerin tambayoyi ne da mutum ke amsawa game da kansa, domin a auna natsuwarsa da kiyaye doka da son kasada da iya zama da mutane. Akan haɗa shi da ganawa ta baka, da kuma aikin rukuni inda ake ba mutane kaɗan wata matsala a zuba ido a ga wanda ke jagoranci da wanda ke saurare.

3.3.4 Gwajin Somin-taɓi

Shi ne a koya wa mai nema ɗan yanki na ainihin aikin, ko dai a na'urar kwaikwayon jirgi ko a ƙaramin jirgi tare da malami, sannan a auna yadda yake gyara kuskurensa daga darasi zuwa darasi. Wannan ya fi kowanne kama da hanyar maƙeri da aka ambata a baya, ya kuma fi kowanne tsada.

3.4 Iyakar Abin da Gwajin Yake Iya Hasashe

Masana suna auna ƙarfin gwaji da wani ma'aunin dangantaka wanda ke tashi daga sifiri zuwa 1. Sifiri yana nufin babu wata alaƙa tsakanin makin gwaji da sakamakon horo, 1 kuma yana nufin makin ya faɗi sakamakon ba kuskure. Babu gwajin da ya taɓa kusantar 1.

Hunter da Burke (1994) sun tattara bincike 68 da aka wallafa tsakanin 1940 da 1990. Sun gano cewa gwajin somin-taɓi da na sarrafa gaɓoɓi da na fahimtar injuna suna cikin waɗanda suka fi iya hasashe, shi kuwa gwajin halayya yana can ƙasa. Martinussen (1996), wata masaniya daga Norwe, ta yi irin wannan aiki, ta kuma samu cewa haɗa gwaje-gwaje da yawa wuri guda ya fi kowane ɗaya shi kaɗai ƙarfi, kuma taɓa tuƙa jirgi a baya alama ce mai kyau, sannan gwajin halayya ya sake zama mai rauni. A duka binciken biyu, ƙarfin gwaji guda ɗaya matsakaici ne ko ƙasa da haka.

Akwai dalilan da suka sa alƙaluman ke fitowa ƙanana. Na farko, yawancin bincike ana yin sa ne a kan waɗanda aka riga aka zaɓa. Misalin wannan shi ne a tace dawakin da suka fi gudu a ƙasar Daura, a sa su sukuwa su kaɗai, sannan a ce ma'aunin da aka tace su da shi bai nuna bambanci sosai ba. Ai dawakin da ma'aunin ya fi amfani a kansu, wato raunana, ba su shiga fili ba. Abin da ya sa binciken 1943 ya fi sauran daraja ke nan. Na biyu, sakamakon horo yawanci kalma biyu ce, ya ci ko ya faɗi, kuma faɗuwa tana da dalilai da yawa waɗanda ba su shafi basira ba, kamar rashin lafiya, da yankewar kuɗin makaranta, da rashin jituwa da malami. Na uku, a gwajin halayya mai nema yana iya gane amsar da ake so ya ba da ita.

Daga wannan za a fahimci cewa gwaji yana yin kuskure iri biyu. Yana iya shigar da wanda zai faɗi, yana kuma iya korar wanda da zai ci. Kuskure na farko makaranta tana ganinsa, domin tana biyan kuɗinsa. Na biyu kuwa ba mai ganinsa, domin wanda aka kora ya koma gida ba a sake jin labarinsa. Wannan kuskure na biyu shi ne ya fi shafar matasan karkara.

Har wa yau, dole a rarrabe tsakanin gwajin basira da binciken lafiyar ƙwaƙwalwa. A ranar 24 ga Maris 2015 mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings ya karkatar da jirgin da gangan ya faɗa kan duwatsu a Faransa, mutum 150 suka mutu. Wannan mutum ya ci gwaje-gwajen shiga, ya kuma kammala horo. Bayan haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 2018, wadda ta fara aiki a 2021, cewa sai kamfani ya sa an yi wa matuƙi nazarin halayya kafin ya fara jigila. Darasin shi ne, gwajin ranar shiga yana hasashen kammala horo ne, ba ya lamunce halin da mutum zai shiga bayan shekaru.

3.5 Hanyar da Matashin Ƙasar Daura Yake Bi

Arewacin Nijeriya ya daɗe da sanin jirgin sama. A farkon watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. A 1964 aka kafa Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya, da Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna wadda aka fi sani da NDA, da kuma makarantar koyon aikin jiragen sama ta Zariya wadda yanzu ake kira NCAT. Rundunar tana da makarantar koyon tuƙi ta 401 a Kaduna inda ake fara horo, da ta 403 a Kano inda ake ci gaba da jirage masu injin jet. Ke nan manyan wuraren horon duk suna cikin tafiyar yini guda daga Daura.

A cikin garin Daura kansa, an buɗe asibitin Rundunar Sojan Sama a watan Agusta 2019, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a watan Disamba na wannan shekara, duk a zamanin shugabancin marigayi Muhammadu Buhari. Ko da yake babu ɗayansu da yake makarantar tuƙin jirgi, sun kusanto da kakin sojan sama da maganar sufuri ga idon yaran yankin. Haka kuma Hadi Sirika, wanda matuƙin jirgi ne, ya wakilci shiyyar Katsina ta Arewa a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2015, kafin ya riƙe harkar jiragen sama a gwamnatin tarayya daga 2015 zuwa 2023. Saboda haka burin zama matuƙi ba tatsuniya ba ce a wannan yanki.

Hanyoyin cika burin guda uku ne. Ta farko ita ce ta soja, inda matashi zai rubuta jarrabawar JAMB, ya yi jarrabawar tantancewa ta NDA, sannan ya bayyana gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja a gwada lafiyarsa da ƙarfinsa a kuma gana da shi. Ta biyu ita ce ta farar hula, kamar a Zariya, inda ake neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, da takardar shaidar lafiya ta matuƙa. Ta uku ita ce tallafin gwamnati zuwa ƙasar waje, kamar yadda gwamnatin Jihar Kano a wa'adin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011 zuwa 2015) ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. A kowace hanya akwai matattara, kuma a hanya ta uku dukiyar jama'a ce ake kashewa, wanda ya sa ingancin matattarar ya zama haƙƙin kowa.

Abin lura shi ne, a makarantun soja ana raba gurabe jiha-jiha bisa tsarin raba daidai da ke cikin sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Wannan yana kare ɗan Katsina daga a danne shi da ɗan wata jiha. Sai dai ba ya kare ɗan ƙauyen Baure ko Zango daga ɗan birnin Katsina ko wanda iyayensa ke zaune a Abuja, domin duk gurbi ɗaya suke nema.

3.6 Abubuwan da Ke Shiga Tsakanin Matashi da Makinsa

3.6.1 Harshe

Turanci wajibi ne ga matuƙi. Tun daga 2008 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta wajabta wa matuƙan da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su kai mataki na 4 cikin matakai 6 na iya Turanci. Babu mai jayayya da wannan. Matsalar ita ce idan aka cakuɗa gwajin Turanci da gwajin basira. Yaron da ya tashi da Hausa ko Fulatanci yakan fara fassara tambaya a zuciyarsa kafin ya warware ta, kuma a gwajin da ake ƙidaya daƙiƙoƙi wannan fassara tana cin makinsa. Sai a rubuta cewa ba shi da saurin tunani, alhali saurin karatun Turanci ne bai samu ba. Turanci abu ne da ake koya cikin watanni, ita kuwa baiwar raba hankali ba a cika samun ta ta wannan hanya ba.

3.6.2 Sabo da Hoto da Na'ura

Hudson (1960) ya nuna wa mutane a Afirka ta Kudu zanen maharbi da barewa da giwa, ya gano cewa waɗanda suka yi makaranta sun fi fahimtar nisa da kusa a cikin zanen fiye da waɗanda ba su yi ba. Wato karanta zane ma koyon sa ake yi. Haka abin yake ga sandar tuƙi da allon kwamfuta. Yaron da ya girma yana wasannin kwamfuta zai shiga gwajin na'ura hannunsa a sake, wanda kuwa ranar ce ya fara riƙe sandar zai ɓata zagayen farko yana neman gane ta. Amma mai yiwuwa wannan na biyu shi ne wanda ke ratsa cunkoson kasuwar Mai'aduwa a kan babur da kaya a baya, ko yake kwance injin ban-ruwa ya mayar. Basirar tana nan, ƙofar da aka buɗe mata ce ba ta saba da ita ba.

Wannan matsala an taɓa fuskantar ta a Nijeriya. Flanagan da aka ambata a baya ya kafa wata cibiyar bincike a Amurka a 1946, kuma a farkon shekarun 1960 wani ma'aikacinta, Paul Schwarz, ya yi aiki a Nijeriya wajen tsara gwaje-gwajen basira da suka dace da ƙasashe masu tasowa. Ƙa'idojin da ya bi sun haɗa da a nuna wa masu nema yadda ake yi a aikace maimakon a bar su da rubutaccen umarni, a kuma ba su isasshen lokacin gwadawa kafin a fara ba da maki. Waɗannan ƙa'idoji ba su tsufa ba.

3.6.3 Kunya da Ladabi

Kirk-Greene (1974), a nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya da ladabi da haƙuri cikin siffofin da ake yabo. Yaron da aka yi wa tarbiyya a ƙasar Daura ba ya zuba wa babba ido, ba ya katse shi, ba ya kuma yabon kansa. A wurin ganawa, mai tambayar da bai san wannan ba zai iya ɗaukar sunkuyar da kai a matsayin tsoro ko rashin yarda da kai. Tambayar da ke cewa mutum ya faɗi abin da ya fi wasu da shi, wadda ake samu a gwaje-gwajen Turawa, a wurin Bahaushe gayyata ce zuwa ga alfahari.

Duk da haka, gaskiyar tana da fuska ta biyu. Binciken haɗurran jirage, musamman karon jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977 inda mutum 583 suka mutu, ya sa aka gane cewa dole mataimaki ya iya buɗe baki ya gyara wa babban matuƙi idan ya ga kuskure. Daga nan aka fara koyar da darasin aiki tare a ɗakin tuƙi. Saboda haka makaranta tana da hujjar neman wanda zai iya magana. Abin da ya kamata ta rarrabe shi ne wanda ke yin shiru don ladabi amma zai yi magana idan aka nuna masa cewa aikin ne ya buƙata, da wanda ke daskarewa idan abu ya rikice. Na farko horo yana gyara shi, kuma natsuwa da haƙurin da ya zo da su jari ne a wannan sana'a.

3.7 Hanyoyin Daidaita Gwajin

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da matakai biyar. Na farko, duk gwajin da aka sayo daga waje a fara gwada shi a kan matasan gida masu yawa, na birni da na ƙauye, domin a samu ma'aunin kwatance na gida. Makin da ake kira matsakaici a Hambug ba lallai ne ya zama matsakaici a Sandamu ba. Na biyu, a raba gwajin Turanci daban, a kuma yi bayanin sauran gwaje-gwajen da Hausa ga mai buƙata. Na uku, a ba kowa lokacin sabawa da na'ura, a kuma dubi yadda makinsa ke hawa daga zagaye zuwa zagaye, domin saurin koyo shi ne abin da makarantar tuƙi take saye. Na huɗu, a ba gwajin somin-taɓi nauyi fiye da ganawar baka, tun da bincike ya nuna ya fi ta iya hasashe, kuma ya fi wuyar shigar da alfarma. Na biyar, makarantu su riƙa ajiye makin shiga na kowane ɗalibi suna kwatanta shi da sakamakonsa na ƙarshe, domin ta haka ne kawai za a san ko gwajin yana aiki a kan 'yan Nijeriya kamar yadda yake yi a inda aka ƙirƙiro shi.

A ɓangaren masarauta da ƙananan hukumomi kuwa, aikin yana farawa tun daga sakandare. Ɗalibin da bai samu malamin Fiziks ba, ba zai kai ƙofar gwajin ba balle a auna basirarsa. Idan kuma hukuma ko wani mai hali zai ɗauki nauyin yara zuwa koyon tuƙi, ya fi alheri a kashe kaɗan a tace su da gwaji mai inganci da binciken lafiya tun a gida, da a zaɓe su ta hanyar sanayya su je su dawo hannu rabbana.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa gwajin basira da halayya ya samo asali ne daga buƙatar rage asarar dukiya da rayuka, kuma binciken 1943 da nazarce-nazarcen 1994 da 1996 sun tabbatar yana iya hasashe, musamman idan aka haɗa nau'o'i da yawa aka kuma ba aikin hannu muhimmanci. An kuma ga cewa hasashen nasa kintace ne, ba hukunci ba, kuma kuskurensa mafi ɓoyuwa shi ne korar wanda da zai ci. Ga matashin ƙasar Daura, harshe da rashin sabo da na'ura da tarbiyyar kunya suna iya rage masa maki ba tare da sun rage masa basira ba. Maganin wannan ba shi ne a yi watsi da gwajin ba, domin abin da zai maye gurbinsa shi ne alfarma, wadda ta fi cutar da ɗan talaka. Maganin shi ne a daidaita ma'aunin da mutanen da ake aunawa, a kuma riƙa bibiyar sakamakonsa shekara bayan shekara.